Shin da gaske kowa da gaskiyarsa?

Wani ɗalibi daga Tahoua ya aiko da tambaya. Ya ce a fadarsu, wato majalisar hirarsu ta samari, sun yi musu har shayi na uku ya huce ba wanda ya sha. Wani abokinsu ne ya kafe cewa babu gaskiya guda, kowa da tasa: manomi da tasa, makiyayi da tasa, malamai sun saɓa, likitoci yau su ce kaza gobe su sake baki, ko watan azumi wata ƙasa ta gani wata ba ta gani ba. Shi ne yake tambaya: shin gaskiya tana canzawa daga mutum zuwa mutum? In kuwa tana canzawa, ina amfanin damuwa da ita?

Ƙanena, abokinka ya hango wani abu da ke nan da gaske, sai dai ya raɗa masa sunan da ba nasa ba. Abin da ke bambanta tsakanin mutane shi ne inda suka tsaya, da mudun da suke awo da shi, da iyakar abin da suka sani, da abin da ransu ke so. Abin da ya faru kuwa, sau ɗaya ya faru, kuma ta hanya ɗaya.

Rabin rikicin daga kalmar kanta ya taso, domin Hausa ta ɗora mata kaya huɗu. In aka ce "Malam mutum ne mai gaskiya", ana nufin ba ya cin amana, ba ya faɗin abin da ya san ba haka yake ba. In mai gari ya ce "kai ke da gaskiya", yana nufin haƙƙi na wajenka. In mutum ya ce "na ba da gaskiya", yardar zuciyarsa yake faɗi. In kuma aka ce "gaskiya ne, an yi ruwa jiya a Illela", ana nufin maganar ta dace da abin da ya auku. Mutum biyu na iya yin jayayya alhali dukansu masu gaskiya ne. Kowannensu na iya samun wani yanki na haƙƙi. Kowa kuma yana da abin da ya ba gaskiya. Har nan abokinka bai yi kuskure ba. Amma a ma'ana ta huɗu babu rabo: ko dai an yi ruwa a Illela jiya, ko ba a yi ba. Wannan ta huɗun ita malaman manɗiƙi suka fassara da dacewar labari da abin da ke nan, kuma haka Aristotil ya faɗa tun a Girka: ka ce abin da ke akwai yana nan, abin da babu ka ce babu.

Ga abin da ke nuna nisan da ke tsakanin ta farko da ta huɗu. A shekarar 1995, lokacin annobar sanƙarau a Nijar, an yi wa mutane fiye da 50,000 allurar rigakafi ta jabu, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana daga baya. Ma'aikatan da suka wuni cikin rana suna yin allurar masu gaskiya ne. Iyayen da suka jera layi da ƴaƴansu sun ba da gaskiya. Amma abin da ke cikin kwalbar ba magani ba ne, kuma kyakkyawar niyyar kowa ba ta kare yaro ko ɗaya ba. Wanda ya tambayi amfanin gaskiya, a nan zai fara samun amsa: jikin yaro da abin da ke cikin kwalba yake aiki, ba da abin da aka yi zaton yana ciki ba.

To amma abubuwan da ke kama da gaskiya mai canzawa fa? Suna da yawa, kuma dabarar warware su ɗaya ce: a ƙarasa maganar. Daga Tahoua alƙibla tana gabas, ta ɗan karkata arewa, wajen digiri 73 zuwa 74 in aka ƙirga daga arewa. Mutumin Madina kudu yake fuskanta, na Indunisiya yamma. Ka'aba ba ta gusa ko taki ɗaya ba. "Alƙibla gabas take" rabin magana ce. Cikakkiyarta ita ce "alƙibla gabas take daga Tahoua", kuma wannan gaskiya ce a bakin kowa, har a bakin mutumin Indunisiya. Da zarar ka ƙara ina, da yaushe, da wane ma'auni, sai ka ga maganar ta tsaya cik ba ta motsi.

Haka watan azumi. Wata yana cika zagayensa cikin kwana 29 da awa 12 da minti 44 a matsakaici. Jinjirinsa na iya zama ƙasa ƙwarai a sararin wata ƙasa, ya faɗi kafin ido ya kama shi, bayan wasu awoyi kuma a gan shi a ƙasar da ke yamma. Ga hazo, ga gajimare. Wannan ba sabon abu ba ne: Imam Muslim ya ruwaito cewa Kuraibu ya ga watan Ramadan a Sham daren Juma'a, ya zo Madina Ibn Abbas ya ce su daren Asabar suka gani, kuma da ganinsu za su yi aiki. Abin da malamai suka saɓa a kai shi ne hukunci, wato ko ganin wata ƙasa ya hau kan wata. Amma ko wane ya ga wata ko bai gani ba, wannan ba ra'ayi ba ne. In a ranar wata ya riga rana faɗuwa, babu wanda ya gan shi bayan magariba, ko da ya rantse. Wani abu dai ya gani, ko tsinken gajimare ko hasken jirgi. Shi ya sa ake tambayar mai shaida: da ƙarfe nawa, ta wane gefen mafaɗar rana, ƙahonninsa ina suka duba, ya yi minti nawa kafin ya ɓace.

A kasuwa abin ya fi fitowa fili. Dala ashirin da sefa ɗari kuɗi ɗaya ne, ƙirge ne ya bambanta. Tiyar hatsi kuwa wajen kilo biyu da rabi take ɗauka, buhu mai kilo ɗari ya ba da kamar tiya arba'in. Amma tiyar wannan kasuwa ba lalle ta yi daidai da ta waccan ba. Akwai awo mai tozo, akwai shafaffe, akwai tiyar da aka buge gindinta ya shige ciki. Misali wani ya ce ya sayi tiya ɗari da hamsin, wato sefa 750, wani ya ce a garinsu ɗari da arba'in ce, wato 700, don haka hatsinsu ya fi araha. A ɗora kan sikeli. In ta farko kilo 2.5 ce, kilo ya kama sefa 300. In ta biyu kilo 2.2 ce, kilo ya kama wajen 318. Mai ganin ya yi araha shi ya yi tsada. Ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu, amma ɗaya ya yi kuskure, kuma sikeli ya nuna wane ne. Don haka ne ma'aikatan SIMA masu bin farashin kasuwanni suke auna tiyar kowace kasuwa kafin su rubuta farashin kilo.

Ra'ayin abokinka tsoho ne, ya girmi kakanninmu. Furotagoras, wani malamin Girka na ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, ya ce mutum shi ne ma'aunin komai, kuma misalin da aka fi kawowa a kan maganarsa shi ne iska: tana kaɗawa, wani ya ji sanyi wani bai ji ba. Mun san wannan da hunturu. Da asubahin Janairu baƙo daga Kwatano yana rawar ɗari, mutumin Agadez ko hula bai sa ba. Dukansu sun faɗi gaskiya game da jikinsu, amma na'urar auna zafi lamba ɗaya ta nuna musu. Malaman aƙida ma sun san wannan ra'ayi. Imam Nasafi, wanda ya rasu a 1142, ya buɗe littafinsa na aƙida da cewa haƙiƙanin abubuwa tabbatacce ne kuma saninsa mai yiwuwa ne. Taftazani, da ya yi masa sharhi, ya kasa masu musun haka gida uku: Inadiyya masu cewa babu haƙiƙa sam, La'adriyya masu cewa "ban sani ba" a kan komai, da Indiyya masu cewa haƙiƙa tana bin abin da mutum ya ƙudurce. Sunansu daga "indi" ya fito, wato "a wurina". Abokinka a gidan nan na uku ya sauka.

Ka yi masa tambaya ɗaya cikin ladabi: maganar nan tasa, cewa babu gaskiya guda, gaskiya ce ga kowa ko a wurinsa kaɗai? In ya ce ga kowa, to ga gaskiya guda ya kawo da bakinsa. In ya ce a wurinsa kaɗai, to ba ta hau kanka ba, kuma ba dalilin da zai sa ya tsaya musu. Akwai kuma gwajin da ya fi wannan sauƙi. Ya ba wani rancen jika biyar, ya je karɓa, mutumin ya ce "a gaskiyata na biya ka." Babu mai yarda da wannan amsa, har shi. Mutum yakan tuna cewa kowa da gaskiyarsa ne sa'ad da gaskiyar ta juyo kansa.

Saɓanin malamai kuwa hujja ce a kan abokinka, ba tasa ba. Hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito ya ce mai hukunci in ya yi ƙoƙari ya dace yana da lada biyu, in ya yi ƙoƙari ya kuskure yana da lada ɗaya. Ba a kuskure sai akwai abin da aka nufa aka saɓa masa. Masu sadalu da masu ƙabalu kowa ruwaya yake kawowa, yana auna ƙarfinta. Da abin na son rai ne da ba wanda zai wahalar da kansa da neman dalili. Gaskiya ne malaman usulu sun tattauna ko kowane mujtahidi ya dace, amma a rassan hukunci ne inda babu nassi yankakke, ba a kan abin da ya auku ko bai auku ba. Wani hadisin na Ummu Salama ya ƙara fito da abin: Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ana kawo masa ƙara, wataƙila wani ya fi wani iya baki, sai ya yi hukunci da abin da ya ji, wanda aka ba haƙƙin ɗan'uwansa ta haka, yanki ne na wuta aka yanka masa. Ka ga hukunci daban, gaskiya daban. Cin shari'a ba ya mai da gonar wani taka.

Bari in daɗe kan gona, domin a Adar a nan ne wannan tambaya ke zama ta rai da mutuwa. Gida biyu suna jayayya. Waɗannan sun ce gadonsu ce, kakansu aka ba kyauta. Waɗancan sun ce aro ne, yanzu suna son abinsu. Tsofaffin da suka yi maganar duk sun rasu, kuma kowane ɓangare abin da ya ji daga bakin ubansa yake faɗi. Kuskuren farko da masu sulhu ke yi shi ne cuɗa tambayoyi uku wuri ɗaya: me ya faru, me ƙa'ida ta ce a kan abin da ya faru, da kuma wace matsaya za ta sa mutanen nan su ci gaba da gaisawa. Ta farko amsa ɗaya gare ta, ko an gano ta ko ba a gano ba. Ta ukun ce ake iya ja da sassautawa.

Ana neman amsar ta farko da alamomi, ba da ƙarfin murya ba. A al'ada mai aron gona yakan kai wa mai ita dami ɗaya ko biyu da kaka, don kada a manta. A tambaya: an taɓa kaiwa? Wa ya gani? Yaushe aka daina, kuma da aka daina an yi magana ko an yi shiru? Mai aro ba ya haƙa rijiya ko dasa itatuwa ba da izini ba; in akwai tsohuwar rijiya a gonar, wa ya haƙa, kuma wani ya hana? Sannan maƙwabtan iyaka na gabas da yamma da kudu da arewa, domin su suka fi kowa sanin wanda suke gaisawa da shi a bakin kunya shekara da shekaru. A ji su ɗaya bayan ɗaya, ba a cikin taro ba. In aka tambaye su a zaure ɗaya, na biyu maimaita na farko zai yi, musamman in na farkon dattijo ne, sai a ɗauka shaidu huɗu aka samu alhali ɗaya ne. A kuma raba abin da mai shaida ya gani da abin da aka gaya masa. "Na ga ana kai dami" da "an ce ana kai dami" ba nauyinsu ɗaya ba. In rikicin na iyaka ne, ba a yanke shi daga ƙofar fada, sai an taka an je. A duba layin gamba, da shingen aguwa, da tsohon gawo ko aduwa da aka sani. A nan ma akwai tarko: iyaka takan tafi a hankali, kunya ɗaya bana, ɗaya baɗi, har shekara ashirin ta cinye taki goma ba wanda ya ga ranar da aka yi sata. Inda kuma aka yi iyaka da kori, ruwa na iya sake hanya a damina guda, kowa ya ce kori ne iyaka, amma wani tsohon yake nufi wani sabon.

Ƙa'idar da aka gada ita ce hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa kan wanda ya musa. Rantsuwa da Alƙur'ani tana kashe magana, amma ba ta tono abin da ya faru. Mutum na iya rantsewa da zuciya ɗaya a kan labarin da ubansa ya ba shi ba daidai ba. Don haka a ƙarshe ake zuwa gare ta, bayan an gama neman shaida. In kuma aka gaji aka raba gonar biyu, a faɗa wa mutane a fili cewa sulhu aka yi, ba gano cewa duka biyun sun yi daidai aka yi ba. Rashin faɗin haka shi ke sa jikoki su sake tayar da maganar.

Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta amince da mallakar gargajiya kamar yadda ta amince da ta takarda, kuma daga gare ta aka kafa kwamitocin ƙasa da ake kira Kofo, a ƙauye da kwamin da kuma gunduma. Mai gari ne ke shugabantar na ƙauye. Suna ba da takardar mallakar gargajiya, da ta saye, kyauta, aro, haya da jingina. Sarakuna suna yin sulhu, a rubuta takardar abin da aka cimma ko ta cewa an kasa, sannan a wuce kotu. Amfanin duk wannan shi ne a kama gaskiya tun shaidunta na da rai. Takardar aro ta ƙwarai tana faɗin wa ya ba wa, wace gona, su wa ke iyaka ta kowace kusurwa, shekara nawa, me za a riƙa kaiwa, su wa suka shaida. Amma kada a ɗauka takarda ba ta ƙarya. In aka rubuta ta ba a yi shela a gari ba, ba a kira maƙwabta ba, ko magaji ɗaya ya sayar da gonar gandu bai gaya wa ƴan'uwansa mata ba, to ƙarya ce aka buga wa hatimi, kuma ta fi ta baki wuyar cirewa.

Ɓarnar dabbobi ita ma haka take, sai dai ita lokaci ne abokin gabarta. Sawu yana ɓacewa cikin awoyi in iska ta taso ko jama'a suka tattake wurin. A hana mutane shiga, a kira wakilin manoma da na makiyaya tare, a duba sawun shanu ne ko na tumaki ko na raƙuma, kashin ɗanye ne ko busasshe, ta ina suka shiga, ina suka nufa. A auna wurin da aka ci da igiya ko taki, a rubuta ko hatsin ya yi bununi ko ya nuna ko an riga an yanke. A tabbatar ko gonar ta ci burtali, ko ɓarnar ta faru kafin ranar sakin gonaki da hukuma ta sanar ko bayanta, kuma ko wurin yana arewa da iyakar noma da dokar 1961 ta shata, inda ƙa'idar diyya ta bambanta. Abin da ya fi ɓata al'amari shi ne a kama makiyayin da ya fi kusa, alhali garken da ya yi ɓarnar ya yi nisa tun da dare. Wanda ya tuna Toda, a jihar Maradi, inda aka kashe mutane fiye da ɗari a 1991, yawancinsu mata da yara, ya san inda fushi ke kaiwa in aka daina tambayar wa ya yi me.

Batun likitoci gajere ne. Canji iri biyu ake cuɗawa. Wani lokaci sani ne ya gyaru: kafin Laveran ya ga ƙwayar zazzaɓi cikin jini a Aljeriya a 1880, Ross kuma ya nuna hannun sauro a Indiya a 1897, Turawa iskar fadama suke zargi, kamar yadda har yau wasunmu ke zargin sabuwar masara ko dukan ruwa. Sauro bai fara aikinsa a 1897 ba, mutane ne suka gano shi. Wani lokaci kuma abin da kansa ne ya canza: nivakin ya yi aiki shekaru, daga baya ƙwayar cutar ta daina jin sa, aka koma magungunan da ke ɗauke da atemisinin. "Yana warkarwa" gaskiya ce a wancan zamani, "ba ya warkarwa" gaskiya ce a wannan; saka shekara, saɓanin ya ɓace. Ko gwajin jinin yatsa yana da sharuɗɗa: a karanta shi cikin mintocin da aka rubuta a kwalinsa, yawanci 15 zuwa 20, layi biyu akwai cuta, layi ɗaya babu, in layin tabbatarwa bai fito ba gwajin ya lalace. Wanda rana ta dafa a shago na iya ruɗi, kuma yakan ci gaba da nuna cuta makonni bayan an warke. Sanin inda awo ke kuskure shi ma sani ne.

Wasu kan ce gaskiya ita ce abin da mai ƙarfi ya rubuta. Lalle mai ƙarfi yana rubutawa, yana kuma sharewa. Amma dubi inda maganar ke kai mu. A watan Mayun 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta yi kisan gilla a Birnin Ƙonni, bayan ta fafata da Sarauniya Mangu a Lugu. In gaskiya ta mai ƙarfi ce, mutanen Ƙonni ba su da abin cewa sai "a wurinmu an kashe, a wurinku ba a kashe ba." Abin da ke ba marar ƙarfi ƙafar tsayawa shi ne cewa abin ya faru, ko an rubuta ko ba a rubuta ba. A ganina wannan shi ne dalili mafi nauyi: mai kuɗi da mai mulki suna da wasu makamai, talaka kuwa in aka ƙwace masa gaskiya ba abin da ya rage a hannunsa.

Inda tambayar ta fi tsauri shi ne kan daidai da ba daidai ba, domin ba a ɗora adalci kan sikeli. Akwai abubuwan da yarjejeniya ce kawai: mu muna tuƙi ta dama, Ingila ta hagu, yawan kayan aure da yadda ake gaida suruki sun bambanta daga gari zuwa gari. Amma ba duk abin da aka kira al'ada ne ke shiga wannan layi ba. An sayar da Hadijatou Mani a 1996 tana da shekara 12, ta zama wahaya, wato baiwar da ake riƙewa kamar mata ba da aure ba, a yankin Ƙonni. Nijar ta sa bauta cikin manyan laifuka a 2003, kuma ranar 27 ga Oktoba 2008 kotun ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta yanke cewa ƙasa ta kasa kare ta, ta ce a biya ta sefa miliyan 10. Masu kare wannan ɗabi'a cewa suke al'ada ce. Tambayar da ke tona su ita ce ko za su yarda a yi wa ƴarsu. Wanda ya ƙi abu ga ƴarsa ya so shi ga ƴar wani ya riga ya san amsar.

Kada kuma a haɗa wannan da kunya da kara. Matar da ba ta faɗin sunan ɗanta na fari ba ta manta sunan ba. Wanda ya sassauta lafazi don ya shirya ƴan'uwa biyu bai ce abin bai faru ba. Yaushe za a faɗi gaskiya, ga wa, da wane harshe, wannan fage ne na hikima, kuma a nan lalle gari ya bambanta da gari.

Ku da ke fada, inda za ku fi gamuwa da wannan kullum shi ne saƙon murya na WhatsApp. Malaman hadisi sun bar mana ma'auni biyu na mai ba da labari: adalci, wato ba ya ƙarya, da kiyayewa, wato ba ya ruɗewa. Kawunka na iya cika na farko ya faɗi a na biyu, don haka "mutumin kirki ne ya turo mini" bai isa ba. Aya ta 6 ta Suratul Hujurat ta ce a bincika labari don kada a cuci mutane cikin rashin sani a dawo ana nadama. In saƙo ya zo, fara da mai magana: ya faɗi sunansa, da garin da yake, da ranar? Saƙon da ya ce "yanzu-yanzu" ba kwanan wata yakan yi shekara uku yana yawo. Sannan shi ya gani ko an gaya masa? Ganin saƙo a zaure goma ba shaida goma ba ce, in duka daga waya ɗaya ya fito; abin nema shi ne mutum biyu da ba su ji daga juna ba. In an ambaci gari, kira wanda ka sani a can, ka tambaye shi me ke faruwa ba tare da ka fara karanta masa labarin ba, don kada ka sa masa amsa a baki. In hoto ne, saka shi a Google Lens ka ga ko ya taɓa fitowa a wata ƙasa. Dubi lambar mota, rubutun allo, kakin jami'ai, ko ciyawa kore ce alhali ana cikin bazara. Ka ƙara tsanantawa in labarin ya yi maka daɗi ko ya taɓa mutanen da dama kake jin haushinsu, domin a nan ne hannu ke saurin turawa. In kuma ka riga ka tura sannan ka gano ba haka ba ne, goge saƙon bai wadatar ba, domin waɗanda suka saurara sun riga sun saurara. Koma kowane zaure da ka tura, ka yi sabon saƙo da muryarka, ka faɗi wane labari ne, ka ce ba daidai ba ne, ka faɗi yadda ka gano, ka roƙi wanda ya tura gaba shi ma ya tura gyaran.